RA'AYINA: A AJIYE DANƘO, A ƊAUKI BIRO

Wa ya taɓa ganin gauraka da idonsa, ba a littafi ba? Na yi wannan tambayar a ajinmu, ba wanda ya ɗaga hannu. Ni ma ban taɓa gani ba. Amma kakata da ke Shagari ta ce suna yara gauraki na sauka fadama, ana jin kukansu tun daga gida. Ungulu kuwa, ta ce cika mahauta suke yi ranar kasuwa. Yau ku leƙa mahauta, sai ƙuda da hankaki.

A wurinta na yi dogon hutun da ya wuce, kuma da danƙona na tafi. Akwai tsamiya a bayan gidan, shamuwa ta yi sheƙa a kai. Na saita ke nan sai na ji an riƙe mini kunne. Kaka ta ce, "Kai wanga yaro, mi ta yi maka? Baƙuwa ta, ba a jifar baƙo." Ta ƙwace danƙon. Na yi fushi ƙwarai, har na ƙi cin tuwo.

Da na rasa abin yi sai na koma kallon sheƙar. Uwa da uba suna fita gona, su dawo su ciyar da 'ya'yan. Yawan abincinsu fara ce, wato farar nan da ke cin amfanin gona. Ashe mai taya mu aiki na so in kashe. Da muka dawo makaranta malamin kimiyya ya ce mana idan damina ta ƙare shamuwa na tafiya kudancin Afirka, irin su Zambiya da Zimbabuwe, sai wajen Afrilu ko Mayu ta dawo. Ni ko Kaduna ban taɓa zuwa ba!

Wata safiya kawuna ya ɗauke ni a mashin zuwa madatsar ruwa ta Shagari. Na ga belbela na bin shanu, na ga zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, sai da ya cafke kifi na yarda yana da rai. A wani kududdufi furen bado ya buɗe fari tas, da rana ta yi zafi ya rufe. Duman kada ya shimfiɗu a gefen hanya da furensa jaja-jaja, tafasa ta fitar da nata rawaya. Har ƙuduji yana da fure mai kyau, amma kada ya ruɗe ku, shi ke shanye gero tun daga saiwa. Duk waɗannan akwai irinsu a nan Bodinga, tattake su muke yi kullum a hanyar makaranta.

A Turai, kamar Suwizalan, mutane na hawa manyan duwatsu lokacin zafinsu da madubin hangen nesa, don kawai su kalli tsuntsaye da furanni, har kuɗi suke kashewa. Mu ba mu da irin waɗannan duwatsun, amma muna da fadama da damina, kuma ba mai karɓar ko kwabo.

Na san wani zai ce, to jan baki fa? Gaskiya ne. Babana manomi ne, na sha tsaron gero da gwangwani har muryata ta dushe. Jan baki ɓarna suke yi, dole a kore su. Amma mu faɗi gaskiya, su muke harbi? Suna zuwa dubbai, danƙo ba ya rage su. Kurciya da tsada muke samu, don su ke zama kusa. Naman tsada kuwa ko loma ɗaya bai kai ba.

Shawarata ga shugabannin kulob ɗinmu ita ce a sayi littafin rubutu guda, a ajiye wurin malamin da ke kula da mu. Duk wanda ya ga tsuntsu ko fure ya rubuta sunansa, da ranar, da wurin. Idan sunan ya gagara a tambayi tsofaffi tun suna nan. A rubuta ranar da shamuwa ta fara sauka da ranar ruwan farko, kowace shekara, mu gani ko kwana nawa ne tsakani. Da an yi wa gauraka haka, da yau mun san shekarar da ta daina zuwa.

Ni dai na fara a bayan littafina na lissafi, wanda ke so ya zo aji biyu ya gani. Danƙona kuwa yana can Shagari, Kaka ta kwance robar ta ɗaure tsintsiya da ita.