Kyan Harabar Jami'a da Ma'aunin Bakin Ruwa

Tun da aka fara gasar wasannin jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a Ibadan cikin 1966, 'yan wasa kan koma gida da muhawarar harabar da ta fi kyau. Wasu kan zaɓi ta Ile-Ife saboda tsarin gine-ginenta, wasu ta Jami'ar Ahmadu Bello da dogon benenta na Samaru. Masu fifita Jami'ar Legas, wadda ta karɓi baƙuncin gasar a 2022, hujjarsu bakin ruwa ce.

Wannan hujja ta ƙarshe ta cancanci nazari daga Yauri. Ƙasar na shimfiɗe a gaɓar tafkin Kainji tun da aka kammala madatsar a 1968, kuma bikin Rigata shaida ne cewa tseren kwalekwale tsohuwar fasaha ce wurin Gungawa. Duk da haka, Bahaushen ɗalibi ya saba auna kyau da ƙofar shiga da tsayin gini, ya mance da inuwa da ruwa.

Kyan haraba na gaskiya shi ne dacewarta da ƙasar da ta zauna a kai. Kifewar jirgin ruwa kusa da Wara ta Ngaski a watan Mayun 2021, wadda ta ci rayuka masu yawa, ta nuna cewa koyar da iyo ya wuce wasa. Ya kamata manyan makarantun Kebbi, daga Aliero zuwa Yelwa, su shigar da iyo da tuƙin kwalekwale cikin wasanninsu, su ɗauko malaman daga masuntan yankin.