Tsakanin Ɗakin Gwaji da Zauren Maɗori

Bayan albasa, an san Aliero da ɗorin karaya na gado, da kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha da aka kafa a 2006. Wasu ɗalibai kan ga maɗori yana tofa addu'a, su ce camfi ne, tunda hoton asibiti yana nuna ƙashi na haɗewa da kansa.

Hoton bai yi ƙarya ba, amma sababi ya nuna, ba Mai sababin ba. Imam Ghazali ya yi nuni da cewa ƙonewar auduga idan wuta ta taɓa ta ba ta tabbatar da cewa ikon ƙonawa na wutar ne. Ɗakin gwaji ba shi da ma'aunin karɓuwar addu'a, don haka ba shi da hurumin ƙaryata ta.

Sai dai maɗori ma yana da iyaka. Idan yatsu suka yi baƙi a ƙarƙashin karan ɗori, wannan ba gaibu ba ne. Jini ne ya daina gudana. Wajibi ne ya kwance ɗaurin, ya tura majinyaci asibiti a ranar, kafin a kai ga yanke ƙafa.