WA KE YAYE 'YA'YANMU, IYAYE KO OFIS?

Jama'a, zan ɗauko wata magana wadda na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai, musamman maza, za su ce ba ta dace da shafin wannan mujalla ba. Za su ce nan wurin nazarin waƙa ne da karin magana da nahawu, ina ruwanmu da nono da yaye? To, ni dai a sanina harshen nan da muke taƙama da nazarinsa a bayan uwa muka fara jin sa, kuma duk cikinmu, daga ɗalibi har shehun malami, babu wanda ya iya furta kalma ɗaya kafin ya sha nono. Saboda haka a yi haƙuri a saurare ni.

A hutun da ya wuce na je gida Dagumawa, cikin ƙasar Wudil, na tarar da ɗan yayata a ɗakin kakarsa. Yaron watansa goma sha ɗaya, na bar shi ɓulɓul yana rarrafe, na dawo na iske shi duk wuya ya fito, ga zawo ya ƙi tsayawa. Na tambayi abin da ya same shi, aka ce ai yaye shi aka yi. Yayata malamar makaranta ce. An yi mata canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, shugaban wurin kuwa ya ce shi ba ya son ganin goyo, kuma ba a fita sai an tashi. Da aka kai maganar gida sai manya suka yanke hukunci a zama ɗaya: a yaye shi kowa ya huta. Aka shafa wa nono maɗaci, aka karɓo rubutun dangana, aka saɓi yaro aka kai wa kaka. Kwana uku yana kuka har muryarsa ta dushe. Ita kuwa uwar nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta, a haka take tsayawa gaban allo. Daga nan aka shiga sayen madarar gwangwani da maganin zawo, har abin ya nemi cinye albashin da aka yi yayen domin sa.

Tambayata ita ce, wa ya yaye wannan yaro? Ba uwarsa ba ce, don kuwa ba ta so ba. Ofis ne ya yaye shi, mu kuma muka taya shi da maɗaci.

Mu fara da abin da kowa ya yarda da shi. Aya ta 233 cikin Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya yi nufin cika shayarwa, ta ɗora wa uba ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita, sa'an nan ta ce in za a yaye kafin lokacin, to, ya zama da yardar iyaye biyu da shawararsu. A lura, yarda da shawara aka ce. Ban ga inda aka sa hedimasta ko darekta a cikin wannan shawara ba. Likitocin zamani ma, bayan sun gama kewayensu, nan suka dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, ko ruwa kada a haɗa, bayan nan a fara ba shi abinci amma a ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye. Ta kuma ce a shekarar yaro ta biyu nono na iya ba shi kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke bukata. Wannan ya isa amsa ga masu cewa da yaro ya fara tafiya nono ya zama ruwa. Amma duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 ne kurum cikin ɗari na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun nono zalla.

Ga inda lissafin ya watse. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan, wadda aka kafa tun 1971, sashe na 54, ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta. Mako shida kwana 42 ke nan. Wato ranar da mai jego ta yi wankan arba'in, saura mata kwana biyu ta koma bakin aiki! Hukuma da baki ɗaya tana cewa a shayar wata shida, da ɗaya bakin kuma tana cewa a dawo bayan kwana arba'in da biyu. Dokar ta ƙara da cewa a ba mai shayarwa rabin sa'a sau biyu a yini, ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya kuma sun sauƙaƙa mata sa'a biyu kullum har tsawon wata shida bayan ta dawo. Mata nawa suka san da wannan? In sun sani ma, nawa ke iya buɗe baki su nema ba a kira su malalata ba? Kada kuma wani ya ce abin ba ya yiwuwa. Jihar Legas ta mai da hutun haihuwar ma'aikatanta wata shida a 2014, Jihar Kaduna ta bi sahu a 2019, ban kuwa ji an rufe sakatariya ko ɗaya saboda haka ba.

Akwai masu cewa maganin abin mai sauƙi ne, mace ta zauna a gida. Waɗannan ina roƙonsu su je kasuwar Wudil ran Juma'a su buɗe ido. Mai fura da nono da goyonta take zuwa. Mai tuyar awara, da mai sussuka, da mai surfen ƙwadago, duk da goyo suke yini, in yaro ya motsa a juyo shi gaba a ba shi, a mai da shi baya a ci gaba da aiki. Tun kaka da kakanni matan Hausawa aiki suke yi suna shayarwa, ba a taɓa jin aiki da nono sun yi faɗa ba sai da aka zo da ofis mai ƙofa wanda aka tsara shi domin namiji. Sa'an nan su masu wannan magana su ne in matarsu za ta haihu suke rantsuwa sai mace ce za ta duba ta, su ne kuma ke neman malama mace ta koya wa 'yarsu. To, ungozomar asibitin da malamar daga sama za su faɗo, ko su ba a son su haihu?

Wasu kuma, 'yan'uwanmu masu ganin sun waye, sai su ce ai ga madarar gwangwani. Wannan hanya an bi ta an ga ƙarshenta. A 1974 wata ƙungiya a Ingila ta buga rahoto kan yadda tallar wannan madara ke hallaka jarirai a ƙasashe matalauta, a 1977 aka fara ƙaurace wa kayan kamfanin Nestlé a Amurka, a 1981 kuma babban taron lafiya na duniya ya kafa ƙa'idar hana irin wannan talla. Nijeriya ta yi tata dokar a 1990. Dalilin kuwa a fili yake. Madara na bukatar tafasasshen ruwa da fida wankakkiya kowane lokaci, tana kuma bukatar kuɗi. In kuɗi ya yi ƙasa sai uwa ta tsinka ta don gwangwani ya kai ƙarshen wata, yaro ya sha ruwa fari ya kwana da yunwa.

Amma kada a ɗauka na wanke al'adarmu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yayen rana ɗaya da muka gada, a raba yaro da nono da uwa da ɗakin da ya saba a dare guda, zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi. Haka kuma da an ji mace ta yi kwanika sai a fizge yaro, wai kada ya sha ciki, alhali likitoci sun ce in cikin lafiyayye ne nonon ba guba ba ne, uwar ce dai ke bukatar ƙarin abinci. Abin da ke ramar da yaron shi ne an cire shi daga nono an bar shi da koko tsura. Ba mu kaɗai ba ne. Sunan da Turawa ke kiran wani nau'in tamowa, wato kwashiyoko, daga harshen Ga na ƙasar Gana wata likita mai suna Cicely Williams ta ɗauko shi a 1935, ma'anarsa kuwa ciwon yaron da aka ture saboda ƙaninsa.

Yaye a hankali ba wani ilmi mai zurfi ba ne. Jikin mace yana yin nono gwargwadon yadda ake sha, saboda haka in aka rage sha ɗaya aka jira kwanaki kafin a rage na biyu, nonon zai ja baya da kansa ba kumburi ba zazzaɓi. Ma'aikaciya sai ta fara da sauke na rana, lokacin da take wurin aiki, ta riƙe na asuba da na bayan ta dawo da na dare. A madadin na rana a ba yaro kunun gyaɗa, da faten wake, da ƙwai, da miyar zogale, da kifin nan da Allah ya hore wa Wudil, a cire ƙaya a marmasa. In yaron ƙarami ne ta tatsa a kofi mai murfi ta bari a wuri mai sanyi, yana kai sa'a huɗu, a ba shi da kofi ko cokali. Wanda duk ya ce tatsattsen nonon uwa ƙazanta ne ya faɗa mini inda aka samo wanda yake dama fura da shi. A haka mace za ta kai ɗanta shekara biyu tana aikinta. Abin da take nema a wurinmu kaɗan ne: miji mai ɗaukar yaro da dare, kaka mai haƙuri, da shugaba mai buɗe ƙofa.

Mu kanmu a nan jami'a ba mu fita ba. Kowa yana ganin 'yan raino a gindin bishiya bayan ɗakunan lacca, riƙe da jarirai cikin rana da ƙurar hunturu, suna jiran ɗaliba ta saci jiki ta fito. Akwai malaman da ke kawar da kai in ta fita, Allah ya saka musu. Akwai kuma masu kulle ƙofa. Muna da ɗakin shan shayi na manyan malamai, muna da wurin ajiye motoci mai rumfa. Ina kira ga wannan ƙungiya tamu, a zamanta na gaba, ta rubuta wa hukumar makaranta takarda a ware ɗaki ɗaya mai tabarma da randa kusa da ajujuwa domin masu shayarwa. In an rasa mai rubuta takardar, ni zan rubuta, da Hausa kuma.