Wa ke ƙirga mutanen Gure idan suka kama hanya?

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka fitar da sakamakonta a Nijar ita ce ta watan Disambar 2012, wadda ta ba jahar Damagaram mutum sama da miliyan 3.5. Aikin ƙidaya shi ne ta ɗaure kowa da gidansu: wane ɗan Gidigir ne, wance 'yar Kelle ce. Amma ku duba lokacin da aka yi ta. A Disamba an gama girbi, samari da yawa sun riga sun fita cin rani. Takarda ta san inda aka haife su. Ba ta san inda suke samo kuɗin da ake cefane da su a gida ba, balle sau nawa suke kai da komo a shekara.

Ni abin da ke damuna ke nan game da Gure. A taswirar gwamnati, garin yana rataye ne a titin RN1, kimanin kilomita 160 gabas da Zinder, a kan hanyar Difa. Amma ka shiga kasuwar Subdu ko ta Gidigir ka tambayi dillalai ina bisashen nan za su. Ka tambayi masu kanwa da dabinon kwaruruka. Sau da yawa amsar kudu ce: Machina, Nguru, Maigatari ranar Alhamis, daga can sai Kano. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Gure a 1852, garin shi ne fadar masarautar Muniyo, mai biyayya ga Barno. Da jirgin ƙasa daga Kano ya iso Nguru a 1930, sai igiyar ta ƙara tsauri. An shata iyaka a tsakani, zirga-zirgar ba ta tsaya ba.

Kar a ce ba a iya ƙirga matafiya, ana yi. Tun 2016 hukumar OIM ke da wuraren ƙirga masu wucewa a Arlit da Segedin, daga baya ta ƙara da irin su Magarya da Ɗan Barto. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Turai na son sanin wa ya nufi Libiya da Aljeriya. To, wanda ya kama hanyar hamada yana da lissafi, amma mai kora awaki zuwa Maigatari duk mako, wanda shi ke riƙe da tattalin arzikin gunduma, babu wanda ya damu ya rubuta shi. Sai an rufe iyaka ake tunawa da shi. Mun gani daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, muka sake gani bayan 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Kowa ya ji a jikinsa, amma ina alƙaluman da komin za ta ɗauka ta ce ga abin da Gure ta yi asara?

Wasu ƙasashe sun gwada wata hanya. Duk lokacin da ka yi kira, kamfanin salula yana sanin eriyar da ta ɗauke ka. In aka cire sunaye da lambobi aka dunƙule sauran, za a ga mutum nawa ke tashi daga wannan gari zuwa wancan, a wace rana, a wane wata. Bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010 an bi sawun waɗanda suka bar babban birni da irin wannan. Kamfanin Orange ya buɗe wa masu bincike irinsa a Kodebuwa da Senegal. Airtel da Moov da Zamani su ma suna zaune a kan irin wannan taska.

Sai dai fa ba na cikin masu rawar kai a kanta. Makiyayin da ke can wajen Tesker inda babu rezo ba zai fito a lissafin ba. Matar da ke aron wayar mijinta ma haka. Wanda ya ƙetare iyaka ya sa layin Najeriya, sai ya zama kamar ƙasa ta haɗiye shi, alhali wannan ƙetarewar ce muke son gani. Ga kuma batun sirri, wanda ba wasa ba ne: bayanin da ya nuna hanyar 'yan kasuwa yana iya nuna wanda ya je wane taro. Dole hukumar HAPDP ta kare bayanan sirri ta shiga ciki tun daga farko, kuma kada a miƙa wa kowa komai sai dunƙulallen adadi.

Shi ya sa nake ganin a fara da abin da ke hannu. 'Yan sandika a tasha sun san motar da ta tashi da inda ta nufa. Masu karɓar harajin kasuwa suna yanka tikiti kan kowace dabba. Waɗannan littattafai suna nan, babu mai haɗa su. In komin shida na gundumar suka tattara su na shekara guda, INS da ɗaliban jami'ar Zinder suka tace, aka manna sakamakon a inda kowa zai karanta, to ranar da za a zauna maganar wace hanya za a fara gyarawa, ko a ina za a gina masaukin dabbobi da rijiya, za mu shiga zauren da lissafi a hannu. Ku da ke da 'yan uwa a tashar Gure, ku fara tambaya mana wa ke ajiye littafin.