Mombasa: Ina Ake Kai Dattin da Baƙi Ba Sa Gani?

Masu sauraro, sharhinmu na yau ya leƙa Mombasa, birni na biyu mafi girma a Kenya, wanda ke bakin tekun Indiya. Ƙidayar 2019 ta nuna mutum miliyan 1.2 ne ke zaune a cikinsa. Duk shekara baƙi daga Turai da sassan Afirka kan yi tururuwa zuwa farin rairayin Nyali da Bamburi, su kuma zaga Fort Jesus, ganuwar da Turawan Fotugal suka soma ginawa a 1593.

Kafin 2018, wari ne ke fara yi wa baƙo maraba. Hanyar da ta taso daga filin jirgin sama na Moi zuwa cikin tsibirin Mombasa ta bi ta gefen jujin Kibarani, inda aka shekara da shekaru ana jibge sharar birnin a bakin ruwa. Hayaƙi na tashi, hankaki na shawagi, fasinjoji na toshe hanci, in an yi ruwan sama kuma dagwalon ya gangara mashigin Makupa. Masu otal suka yi ta kokawa cewa ana korar musu baƙi. A shekarar 2018 aka rufe jujin bisa umarnin shugaba Uhuru Kenyatta, aka binne shi da ƙasa, aka shuka ciyawa, har da kafa gumakan namun daji don masu ɗaukar hoto.

Aiki ya yi kyau, babu musu. To sharar fa? Motocin kwasa sun karkata ne zuwa Mwakirunge, can arewacin birnin, inda motar 'yan yawon buɗe ido ba ta bi. Juji ne a fili, yana ci da wuta, kuma akwai gidajen talakawa a kewayensa.

Haka zancen ruwa yake. Galibin gidajen Mombasa ba su haɗe da bututun kwashe ƙazanta, matatun ƙazanta na Kizingo da Kipevu kuma sun daɗe ba sa aiki yadda ya kamata. Saboda haka ruwan masai da na kwata kan bi magudanai ya faɗa mashigin Tudor da teku, inda masunta ke jefa koma. Kenya ta haramta ledar cefane a 2017, ta ƙara da hana robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a bakin teku a 2020. Dokar ta rage leda, amma ba ta da ta cewa a kan abin da ke fitowa daga bututu.

Inda lamarin ya fi muni shi ne Owino Uhuru, wata unguwar marasa galihu mai mutum wajen 3,000. A 2007 kamfanin Metal Refinery ya buɗe masana'anta jikin gidajensu, yana fasa tsofaffin batiran mota yana narkar da dalmar ciki. Hayaƙin ya riƙa sauka a kan rufin kwano da tukwane da shanyar tufafi, gurɓataccen ruwan masana'antar kuma yana malala ta lungunan da yara ke wasa. Mai sauraro da ya tuna yadda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010 ya san irin ɓarnarta: tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, tana lalata ƙoda, tana zubar da ciki.

Wadda ta fasa ƙwai ma'aikaciyar kamfanin ce, Phyllis Omido. Jaririnta ya kwanta ciwo, aka yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro a banza, sai gwajin jini ya nuna dalma ce, kuma ana kyautata zaton ta nononta ya sha. Ta ajiye aikin, ta shiga unguwar tana kai yara gwaji, tana rubuta wa hukumomi takardu. Sakayyar da ta samu ita ce kamu a 2012, lokacin wata zanga-zanga. Sai a 2014 masana'antar ta rufe, shekara bakwai ke nan ana shaƙar guba. A 2015 aka ba Omido lambar yabo ta Goldman, wadda ake bai wa masu kare muhalli.

A nan ne mai lura zai ga inda gizo ke saƙar. Jujin da ya tsone wa baƙi ido, umarni ɗaya daga sama ya kawar da shi. Gubar da ta shiga jinin 'ya'yan talakawa kuwa sai da aka yi ta safa da marwa a kotu. A Yulin 2020 kotun muhalli ta Mombasa ta ɗora laifin a kan kamfanin da hukumomin gwamnati, ciki har da NEMA, hukumar kare muhallin da ta ba shi lasisi, ta kuma yanke diyyar shilin biliyan 1.3. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke diyyar a 2023. A Disambar 2024 kotun ƙoli ta maido da ita, tare da shilin miliyan 700 na tsabtace ƙasa da ruwan unguwar. Yaran da aka haifa a shekarar da aka kunna wutar masana'antar suna da shekara 17 a ranar da aka karanta hukuncin.