Kumburin da Muka Ɗauka Ƙiba Ce

Ungozomar da ta karɓi haihuwar ƙanwata a wani ƙauye da ke hanyar Kiyawa ita ta fara ganin alama, sai dai ba ta san me ta gani ba. Ta ce tunda take ba ta taɓa binne mabiyiya mai girman wannan ba, ga jariri bai cika wata tara ba. Aka yi dariya, aka wuce.

Kafin arba'in yaro ya ciko, kumatu da fatar ido da ƙafafu. Masu zuwa barka sai cewa suke, "Tubarkalla, nono ya karɓe shi." Da ciki ya yi tulu, bakin da ya yabi nonon shi ya juya ya ce mugun nono ne. Aka dinga ɗura wa mai jego jiƙe-jiƙe, tana sha tana kuka a ɓoye.

Sai a Dutse aka tsoma ɗan tsinken gwaji a fitsarinsa, aikin minti ɗaya, aka ce mu wuce Kano.

Likitar yara ta ce ƙoda tamkar rariya ce, tana zubar da datti ta riƙe furotin. Tasa a yage aka haife shi da ita. Furotin da ke riƙe ruwa cikin jini yana tsiyayewa ta fitsari, ruwan kuwa ya malala cikin jiki. Garkuwar jiki ma nan take bi. A Finlan aka fi sanin cutar, kusan jariri ɗaya cikin 8,000, kuma a 1998 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, su kuwa lafiyarsu ƙalau. Kowane ciki, ɗaya cikin huɗu ne. Na yi shiru, don mijin ƙanwata ɗan baffanmu ne, ni ma na sa baki a auren.

Wani lokacin tunjere ne daga uwa ke jawo irin cutar, wannan kuwa allurar fenisilin na maganinsa. Har addu'a na yi a ce shi ne. Ba shi ba ne.

Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, amma jariri sai an yi ta ƙara masa furotin ta jijiya har ya yi nauyin da zai ɗauki dashe. Namu bai kai ba. Yana wata biyar zazzaɓi ya tafi da shi.

A motar komawa Dutse ƙanwata ta riƙo hannun rigata, murya ƙasa-ƙasa: "Yaya, ashe ba nonona ba ne?"