TSUTSAR MASARA: IDON MANOMI YA FI KWALBAR FESHI

Tun shekarar 2016 da aka fara gano wannan baƙuwar tsutsa a kudancin Nijeriya, hankalin manomin masara bai sake kwanciya ba. Asalinta daga nahiyar Amurka take, amma cikin shekara biyu ta game kusan duk ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai tashin dare, wanda kan zuba ƙwai 100 zuwa 200 a dunƙule a jikin ganye.

Abin takaici shi ne, talaka ba ya farga sai ya ga ganye ya zama rariya, kashin tsutsa kamar dusa ya cika kan masara. Daga nan sai ya ruga kasuwa ya ciwo bashin maganin feshi, wani ma jabu, ya fesa da rana tsaka, alhali tsutsar ta riƙa, ta shige can cikin zuciyar masara inda magani ba ya kai mata. Ga kuɗi sun tafi, ga guba a jikin mai feshi, ga tururuwa da zanzaro masu cin tsutsar an kashe su.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Manoman da ke tsira su ne masu shuka da wuri, su haɗa masara da wake, sannan su zagaya gona aƙalla sau biyu a mako tun masara tana ƙarama. In sun ga ƙwai su murtsuke, in sun ga tsutsa su tsince, su zuba toka ko yashi a zuciyar masara, ko jiƙon dakakkun 'ya'yan darbejiya. In feshi ya zama dole, da yamma ko da sassafe ake yi, tun tsutsar tana ƙanƙanuwa.

To, wannan aiki na ido ne da ƙafa, kuma tsoho mai ciwon baya ba zai iya bin kunya-kunya yana leƙa kowace masara ba. Nan ne matasa suka shigo. Saurayin da ke zaune a majalisa gonar mahaifinsa tana cinyewa, ba shi da bakin kukan tsadar hatsi in bazara ta yi. Haƙƙin iyaye ya kai har gona.

Allah Ya ba da damina mai albarka, Ya kare talaka daga rumbu wayam, amin.